Zuciya Biyu a Rigar Sajo

An haifi Sajo a kan hanya, tsakanin Sae Sabuwa da Tibiri, ranar da danginsa ke ƙaura zuwa gonakin da aka gama girbewa. Uwarsa ta sauka daga kan takarkari, ta shiga bayan wata sabara, ta fito da shi a zane, ayari bai ma tsaya sosai ba. A bayan shanu ya taso. Ya san kukan kowace saniya, ya san wadda za ta haihu tun ita kanta ba ta sani ba. Abu ɗaya ne Allah bai ba shi ba: Sajo ba ya gane wasa. In ka ce masa ka ga raƙumi a kan rumbu, zai tambaye ka rumbun wa, kuma an sauko da shi ko yana can har yanzu.

Ba wanda ya ci moriyar wannan hali kamar Buba, ɗan kawunsa. Taubasai ne, abin da Fulani ke kira dendi, waɗanda al'ada ta ba su izinin zagin juna da ɓoye wa juna takalmi a gidan biki. Buba yana amfani da izininsa safe da yamma. Sajo bai taɓa ramawa ba, don bai taɓa lura an yi masa wani abu ba.

Ya auri Dija, mace mai dogon wuya da gajeren haƙuri, suka kafa bukka a gefen gonar Jibo, wani manomi na Sae Sabuwa wanda kakanninsa ne suka sare dajin wurin. Da rani shanun Sajo su kwana a gonar su bar taki, Jibo ya ba da damman gero. Haka aka yi shekaru. Jibo na kiransa Agwai, shi yana kiran Jibo Kaɗo, ba wanda ya taɓa jin haushi.

Sai ruwa ya ɗauke. Damina ta zo kamar baƙon da ya leƙo zaure ya ce yana zuwa, bai dawo ba. Shekara ta gaba ta sake yin haka. Zuwa ranin 1972 ciyawa ta ƙare, aka sassare rassan gawo, aka zare bunun ɗaki aka ba dabbobi. Shanun Sajo suka riƙa durƙusawa ɗaya bayan ɗaya. Yakan kama wutsiya, Dija ta kama ƙaho, su ɗaga saniya, ta tsaya kaɗan, ta dube su kamar mai ba da haƙuri, ta koma ƙasa. Kafin hadari ya sake haɗuwa, igiyar ɗaure maruƙa kaɗai ta rage masa.

Makiyaya suna da abin da suke kira haɓɓanaye. In mutum ya rasa dukiyarsa, ɗan'uwa ya ɗaura masa karsana a gaban dattawa. Tana zama a hannunsa har ta haihu sau uku. 'Ya'yan nasa ne, uwar kuwa ya maida ta wa mai ita. Dabbar haɓɓanaye ta fi dabbar mutum ta kansa daraja: ita ke fara shan ruwa, ita ke kwana kusa da wuta.

Buba bai yi asara ba tukuna, don ya gudu da garkensa kudu da wuri. Ranar kasuwar Gidan Rumji ya dawo, Sajo ya same shi a inuwar da dattawan dangi ke zama, ya gaida kowa, ya tsuguna a gefe. Bai roƙi komai ba. Ba a roƙo, zama ake a inda za a gan ka.

Buba ya ce, "Dendi, an ce mini yanzu igiya kake kiwo."

"Tana nan," in ji Sajo.

"Mi take ci?"

"Ba ta cin komai."

"To ka yi sa'ar dabba a wannan shekara."

Aka yi dariya. Dariyar ta yi wa Buba daɗi, ya duba ko'ina yana neman abin da zai ƙara da shi. Akwai wata ramammiyar karya mai farin goshi da ke bin garkensa. Ya jawo ta, ya ɗaura mata igiya a wuya, ya miƙa wa Sajo bakin igiyar, ya gyara murya irin ta manya.

"Na ɗaura maka. Ta haihu uku ka maido mini."

Dattawa har da riƙe ciki. Sajo ya miƙe, ya karɓi igiya hannu biyu, ya yi godiya doguwa, ya ambaci uban Buba da kakansa da alheri. Sannan ya juya wurin ardo, babban dattijon dangi, ya ce a shafa fatiha. Ardo ya buɗe baki ya rufe. Ba a roƙon fatiha a hana. Hannuwa suka tashi sama, waɗansu kafaɗu na ta rawa, aka shafa. Da aka sauke hannu kowa ya san abin ya fita daga hannun wasa.

Buba ya ce, "Kai, tsaya, bawan Allah. Ga karsana can ja, ita na yi niyya..."

"Ba a ɗaura wa mutum biyu rana ɗaya," in ji Sajo. "Kada a ce na yi haɗama."

Ya ja karyarsa ya tafi. Buba kuwa ya kora garkensa gabas, wajen Gangara, inda aka ce akwai sauran ciyawa.

Dija ta dubi abin da mijinta ya jawo, ta dubi mijin. Ta tambaye shi ina za ta sa ƙwaryar tatsa. Ya ce mata kada ta yi gaggawa, sai ta haihu tukuna. Ta shiga bukka ta daɗe ba ta fito ba.

Ya sa wa karyar suna Wule, sunan da ake kiran saniya mai farin goshi, kuma ya riƙe ta yadda ya iya riƙon dabba, wato riƙon saniya. Ya ɗaure ta a igiyar maruƙa. Ya cire mata kaska da hannunsa, ya wanke hannun da ƙasa da ruwa kafin salla, a lokacin da ruwa ya fi nono tsada. Da safe ya saɓa sanda a kafaɗa ya kai ta kiwo, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana kallonta. Kuma kowace yamma ya jiƙa mata kanwa a kasko, don bai taɓa ganin dabbar da ta yi ƙiba ba kanwa ba.

A shekarun nan karnuka ne kaɗai suka wadata a ƙasar, su da ungulaye. Dajin duk mushe ne. Wule ta murmure, ta haihu, ta sake haihuwa. Yunwa kuwa ta sa mutanen kirki sun fara fasa rumbunan maƙwabta. Jibo ya zo ya tsuguna ya nemi kwikwiyo ɗaya don gadi, ya bar kwanon gero. Waɗansu manoma suka biyo baya. Maharba daga Tibiri suka ɗauki biyu suka bar akuya. Dija, wadda ta yi rantsuwa ba za ta taɓa kiran kare da sunan saniya ba, aka ji ta wata safiya tana cewa, "Wule, matsa daga rana." Sajo bai ga abin mamaki a ciki ba. Ya ce ai don haka aka yi haɓɓanaye.

Farkon 1974 Wule ta fara tari. Ta bi shi kiwo kaɗan ta zauna tana haki, harshe ya yi shuɗi. Haƙarƙarinta ya fito, cikinta ya kumbura. Rannan a bakin rijiya ta faɗi warwas, sai da ya yayyafa mata ruwa. Shi ma Sajo a lokacin ƙafafunsa sun kumbura sun zama kamar taɓarya, in ya danna da yatsa ramin ya daɗe bai cika ba. Ba ya iya kwanciya, sai dai ya jingina da turmi ya yi barci a zaune. In aka yi tari a gidan, Dija sai ta leƙo ta ga wane ne. Ya ƙara wa Wule kanwa. Ya gasa ƙarfe ya yi mata lalas a haƙarƙari kamar yadda ake wa saniya mai ciwon huhu, ya yi wa kansa da sauran zafin. Ba wanda ya samu sauƙi.

Dija ta ce, "Kai, wannan, ka ji mini. Ko saniya ce ta haɓɓanaye, in ta mutu ba a biya. Balle wagga."

"Ba a biya," in ji Sajo. "Amma duk inda aka zauna za a ce a hannun Sajo ta mutu, saura haihuwa ɗaya. Jikokinmu ba wanda zai ɗaura musu ko kaza."

"Kai fa in ka mutu?"

"Ni ba wanda ya ɗaura ni."

Jibo ne ya kawo labarin motar. Wata ƙatuwar kamiyo ce ta masu agaji da aka ajiye a Gidan Rumji, kusa da sansanin waɗanda yunwa ta koro daga arewa. A cikinta akwai injin da ke ganin ƙirjin mutum ba a tsaga ba. Masu tarin fuka ake nema, amma duk mai haki ana duba shi. Jibo ya ce shi kansa ya shiga, an ce masa huhunsa fes.

Sajo ya tambaya, "Yana ganin na kare?"

"Agwai, likitan mutane ne fa. Ka kai masa kare, jandarma su kai ka ofishinsu, ni ba ni zuwa belinka."

Sajo ya ƙura ido a kan rigar da ke jikin Jibo, babbar riga ce ta saƙi wadda mutum biyu za su shiga su yi hira. Ya ce, "Kaɗo, ara mini rigarka."

Abin da ya ba Jibo mamaki shi ne Dija ba ta hana ba. Ta riga ta gane cewa in ba a bayan karyar ba, mijinta ba zai taka ƙofar likita ba ko an ja shi da raƙumi. Ita da kanta ta goya masa Wule a ƙirji da zane, kamar goyon jariri amma ta gaba, ta cusa bakin karyar a hammatarsa, ta zura masa riga. Sannan ta aika aka kira uwarta, Inno, ta ce mata ita ma tarinta na bukatar dubawa.

Suka iske layi ya yi tsawo kamar hanyar tururuwa, injin wuta na ta ruri a gefen mota. Mutane suka ga Sajo ya sauko daga jaki da ƙyar, ƙirji da ciki sun yi tudu, suka matsa masa. Masu ciwo suka manta nasu suna yi masa sannu.

Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, bawan Allah, cikin naka har motsi yake."

"Yakan yi," in ji Sajo.

A ƙofar mota akwai ma'aikaci mai farar riga, rana ta gama dafa shi. Ya ce a cire riga. Sajo ya sunkuyar da kai ya zama gunki. Ma'aikacin ya sake faɗa da ƙarfi. Dija ta matso ta ce a hankali, "Malam, surukarsa ce a bayansa." Ma'aikacin ya dubi Inno, wadda ta juya fuska tana kallon wata bishiya can nesa kamar ba ta taɓa ganin irinta ba. Ya san Fulani. Ya san ko za a kwana nan Bafillace ba zai tuɓe a gaban uwar matarsa ba, ga layi har bakin kasuwa. Ya yi tsaki, ya ce to a cire layu da wuƙa, a shiga.

Cikin motar duhu ne ƙirin, sai warin ƙarfe mai zafi. Likitan matashi ne, Bahaushen Damagaram, sanye da wata riga mai nauyi ta darma. Ya kama kafaɗun Sajo ya tsayar da shi, ya jawo wani allon gilashi ya ɗora a gaban ƙirjinsa, ya zauna a kujera ta ɗaya gefen.

"Bappa, ja numfashi. Riƙe."

Inji ya yi gurnani. Wani haske kore-kore ya fito a fuskar likitan. Sajo ya riƙe numfashi iyakar ƙarfinsa, wanda ba shi da yawa, ya saki. Likita ya zaro ido. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi.

"La'ilaha illallahu. Bappa, haƙarƙarinka nawa?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba."

"Tun haihuwa kake haka?"

"A'a, tun safe."

"Akwai zuciya biyu a nan! Ɗaya na sauri, ɗaya na jan ƙafa. Ga ƙashin baya biyu. Wallahi malaman da suka koya mini a Dakar ba su taɓa ganin wannan ba. Kada ka motsa, Bappa, don Allah kada ka motsa."

Sajo ya ce, "Ƙaramar za ka duba mini."

A daidai nan Wule, wadda zafi ya dama, ta zaro kanta daga hammata ta yi hamma. Abin da likita ya gani a gilashi shi ne ƙoƙon kai mai dogon baki ya taso daga kafaɗar majinyaci ya buɗe haƙora. Sajo ya ji kujera ta faɗi, ya ji wani abu mai nauyi ya bi ta, haske ya mutu. Wule ta yi haushi guda ɗaya, marar ƙarfi, ta bi shi da tari.

Ma'aikacin ya faɗo ciki yana cewa a kira jandarma. Likita, daga ƙasa, ya ce a rufe ƙofa tukuna. Sajo ya tsuguna a gabansa ya ba shi labari tun daga igiyar maruƙa, da kasuwa, da fatihar ardo, da haihuwa biyu, da wadda ta rage. Bai tsallake komai ba. Likitan ya yi watanni yana kallon ƙirjin mayunwata daga safe zuwa yamma, bai yi dariya ba. Yau kam ya fara da murmushi, ya koma tari, ya ƙare da kifa kai a gwiwa yana hawaye. Sajo ya jira shi cikin ladabi, yana zaton wani rashi aka yi masa.

Da likita ya share ido ya ce, "Kawo ta. Amma sau ɗaya, kuma da sauri."

Ma'aikacin ya ce shi ba ya taɓa kare da alwalarsa. Don haka Sajo ne ya riƙe ta a bayan gilashi, ya miƙo wuya ta gefe don ya gani. Haske ya dawo. Ya ga ƙasusuwan hannunsa kamar kararen dawa, a tsakaninsu ga kejin haƙarƙari, a cikin kejin ga wata inuwa tana buɗewa tana rufewa kamar tsuntsun da ya gaji da neman ƙofa. Sajo ya feɗe dabbobi da yawa, ya san girman zuciya a jikin mai ita. Wannan ta cika wurin.

"Ta yi girma," in ji shi.

"Ta yi girma, ta saki. Tsaya... mene ne wannan a ƙasa?"

Likita ya sauke gilashin kaɗan. A cikin kumburin cikin akwai 'yan ƙananan kawuna kamar 'ya'yan kanya, da siraran ƙasusuwan baya jere kamar carbi. Nan take ya kashe inji, ya ce hasken ba shi da kyau ga abin da ke ciki.

"Ta uku," in ji Sajo. Ya miƙe zai tafi.

Likita ya ce, "Ina za ka? Ƙofa a rufe take, surukarka na waje. Cire rigar."

Wannan karon likita ya daɗe yana kallon ƙirjin Sajo a gilashi, kuma bai yi dariya ba. Da ya kunna fitila ya dunƙule hannun Sajo ya nuna masa. Ya ce zuciyar mutum bai kamata ta wuce wannan da yawa ba, amma tasa ta ci fiye da rabin faɗin ƙirji. Ta zama kamar tsohuwar gugar fata da ta buɗe, ana ja tana zubarwa. Shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafafu da huhu. Ya ce ta Sajo ta fi ta karyar lalacewa.

"Tawa tawa ce," in ji Sajo. "In ta tsaya ba wanda zai tambaye ni. Tata ta mutane ce."

"Me kake ba ta?"

"Kanwa, safe da yamma tun da ta fara tari."

"Innalillahi. Kai fa?"

"Abin da ta rage."

Likita ya dafe kai. Ya ce daga yau ba kanwa, gishiri ma sai ɗanɗano, don su ke riƙe ruwa a jiki. Ya ɗauko ƙwayoyi iri biyu, ɗaya mai ƙarfafa bugun zuciya, ɗaya mai fitar da ruwa ta fitsari. Ya ga yadda Sajo ke kallon ƙwayoyin yana kallon Wule, ya maida hannunsa baya.

"Bappa, saurara da kyau. Wannan magani mutane ake ba, ba karnuka ba. Mota za ta tafi, amma zan bar magana a gidan likita na nan garin, duk wata ka zo da ƙafarka a duba ka a ba ka, da ɗan ƙari. Kai guda, ita rubu'i. In ka ba ta guda, ka kashe ta da hannunka. In ka ƙi shan naka ka mutu, nata ya yanke, don ba wanda zai ba karya magani. Ka gane?"

Sajo ya juya maganar a ransa ta kowace fuska, bai samu ƙofa ba. Ya ce, "Wato sai na rayu."

"Sai ka rayu."

"To," in ji Sajo, da muryar wanda aka ƙara wa aiki.

Makon da ya biyo baya mutum da karya suka yi ta zarya bayan bukka. Jibo ya ce a duk ƙasar Gobir gonarsa ce kaɗai ake ba ruwa. Sajo ya ce ba sai ya gode ba. Ƙafafu suka saɓe, tari ya ragu, turmi ya koma aikinsa na daka. Kowace safiya Sajo ya haɗiye nasa, ya raba na Wule da reza a kan bayan ƙwarya, ya cusa a ɗan curin fura. Ta haihu lafiya, ko da yake ta sha wuya, ya zauna kusa da ita yana kiranta da kirarin da ake wa shanu. A daminar shekarar ruwa ya dawo, ƙasa ta yi kore kamar ba ita ta cinye dukiyar mutane ba.

Da aka yaye 'ya'yan, bayan girbi, ya sa Wule a mangala gefe ɗaya, guzuri gefe ɗaya, ya kora jaki gabas. Bai bar ta ta taka ƙasa ba sai don bukata. Ya ratsa Maradi, ya ratsa Agye, yara na binsa suna kallon karya a kan jaki da mutum a ƙasa. A wani mashekari kusa da Gangara ya iske Buba. Farin bai ƙyale shi ba shi ma: garken da ke tada ƙura ya koma 'yan shanun da ba su cika inuwar bishiya ɗaya ba.

Sajo ya sa aka tara dattawan wurin. Ya sauke Wule, ya zagaya da ita a gabansu don kowa ya ga tana tafiya da ƙafafunta, ya miƙa igiya.

"Ta haihu uku. Ga ta da ranta."

Buba ya dubi igiya, ya dubi mutane. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Dendi, wasa fa nake yi ran nan."

"Wane wasa?"

Buba ya buɗe baki, ya ga aikin zai yi tsawo, ya karɓa. Sajo ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa wanda injin likita bai gani ba. Amma bai gama ba. Ya sa Buba ya durƙusa ya ɗora kunne a haƙarƙarin karyar don ya san bugunta na lafiya. Ya hana kanwa. Ya nuna masa yadda ake raba ƙwaya, ya ba shi ƙullin da zai kai shi wata biyu ko uku.

"In ya ƙare fa, ina zan samo?"

"Wurina. Ni kaɗai ake ba."

"Daga Gangara har Sae Sabuwa? Saboda karya?"

"Taka ce," in ji Sajo. "Mutanen nan sun gani."

Haka Buba ya shiga hawan motocin gyaɗa yana zuwa karɓar maganin kare, yana zagi tun daga bakin hanya. Sajo kuwa bai taɓa fashin gidan likita ba. Akuyar maharba ta zama awaki, awaki suka zama karsana, amma ko ranar da karsanar ke haihuwa, da ta faɗo ranar karɓar magani, Dija ya bar wa ita ya tafi.

A shekara ta uku Buba ya zo ya iske Dija ita kaɗai a bakin rijiya. Ya ce mata Wule ta kwanta a inuwa ba ta tashi ba, ya haƙa rami ya rufe ta don kada ungulu ta taɓa. Dija ta ajiye guga. Ta ce in maganar nan ta kai kunnen mai gidanta, zai ce aikinsa ya ƙare ya daina shan magani, kuma ita za ta bi Buba har Gangara da taɓarya. Buba ya ƙarasa gidan, Sajo ya tambaye shi Wule, ya ce tana nan sai ci.

Fari ya sake dawowa a 1984, ya kwashe abin da aka tara, Buba bai daina zuwa ba. A lissafi Wule ta wuce shekarun da kare ke yi a duniya, amma labarinta sai ƙara kyau yake. Wannan zuwa ta kama zomo, wancan zuwa ta kori kura. Jibo yakan zo musamman don ya ji, ya zauna yana cizon bakin rigarsa.

Zuwan Buba na ƙarshe kafin ƙafafunsa su gaza hawan mota, ya iske Sajo ya yi furfura fat, yana zaune a tabarma da reza da ƙwarya.

"Dendi, yaya take?"

"Ƙalau. Shekaranjiya ta bi barewa har cikin Najeriya."

Sajo ya ajiye reza, ransa a ɓace. Ya ce, "Mai ciwon zuciya kake bari tana irin wannan gudu? Ka ɗaure ta."

Buba ya ce zai ɗaure ta. Sajo ya haɗiye ƙwayarsa da ruwa, ya jawo ƙwarya, ya ci gaba da yanka rubu'i-rubu'i a hankali, yana karkata ta wajen haske don kada wani ya fi wani girma.